Yadda za ka tayar da tsofaffin wasannin kwamfuta a kan Linux

Ƙanena ya shigo wajena da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka a hannu ɗaya, baƙar leda a ɗaya hannun. Kwamfutar HP EliteBook 8460p ce 'yar gwanjo, irin wadda ta cika shagunan kasuwannin waya. Ledar kuwa faya-fayan wasanni ne guda biyar da ya ajiye tun yana sakandare, kwalayensu duk sun koɗe. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma wannan kwamfuta ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, shi ya sa na ba shi shawarar mu sa mata Linux Mint, wani nau'in Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows. Ya yarda, amma da sharaɗi guda. Ya ce, "Yaya, in dai wasan Vice City ba zai tashi ba, a bar mini ita yadda take."

Ya tashi, kuma har yau yana buga shi. Abin da na koya a wannan aiki da ire-irensa shi ne, yawancin wahalar da mutane ke sha ta samo asali ne daga gaggawar girka manhajoji kafin su san wane irin wasa ne a hannunsu da wace irin kwamfuta ce a gabansu. In ka san waɗannan biyun, rabin aikin ya ƙare. Umarnin da zan kawo na Linux Mint ne da Ubuntu da danginsu, kuma duk a cikin Terminal, tagar da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ake rubuta su.

Fara da gane zamanin wasan

Buɗe faifan ko foldar wasan ka duba abin da ke ciki. In ka ga fayiloli masu gajerun sunaye da manyan baƙaƙe, irin su INSTALL.EXE, ko DOS4GW.EXE, ko masu ƙarewa da .BAT, to wasan zamanin DOS ne, wato daga shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Prince of Persia na 1990 da Doom na 1993 suna nan. In kuwa ka ga autorun.inf da setup.exe da wata folda mai suna DirectX, wasan Windows ne, daga 95 zuwa XP. Nan ne akasarin wasannin da muka sani a gidajen gem da shagunan intanet suke: Age of Empires II na 1999, Project IGI na 2000, Vice City da ya zo kwamfuta a 2003, Need for Speed Most Wanted na 2005. Kowane rukuni da ƙofar da yake shiga.

Sai ka tambayi kwamfutar wace na'urar hoto ke cikinta:

`lspci | grep -i vga`

Ka rubuta amsar a takarda, za mu dawo kanta.

Kwafe faifan kafin ya mutu

Faifan da ya shekara ashirin a leda kowace rana ƙara lalacewa yake. Kafin komai, ka ɗauki hotonsa zuwa fayil guda. Manhajar da na fi amincewa da ita ita ce ddrescue, domin in ta iso wurin da ya karce ba ta ja da baya, tsallakewa take ta kwashe mai kyau, sannan ta dawo ta yi ta gwada mai ciwon.

`sudo apt install gddrescue`

`ddrescue -b 2048 /dev/sr0 wasa.iso wasa.log`

Fayil ɗin ƙarshe, wasa.log, shi ne rajistar aikin. In aka ɗauke wuta ana tsaka da kwafa, sai ka sake rubuta umarnin yadda yake, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ga mai kwamfutar da batirinta ya mutu, wannan kaɗai ya isa dalili. Wasu wasannin shekarun 1990 suna ajiye kiɗansu a faifan kamar faifan waƙa, kuma fayil ɗin iso ba ya ɗauko wannan ɓangare. Irin waɗannan cdrdao ake amfani da ita, ita ce ke kwashe faifan gaba ɗaya har da kiɗan.

Duba ko an riga an ƙera wa wasan sabon inji

Wannan mataki mutane da yawa ba su san da shi ba, alhali shi ne mafi daɗi. Wasu wasannin, masoyansu sun sake rubuta injin da ke tafiyar da su daga tushe, ko kuma kamfanin da kansa ya saki rubutun asali ga kowa, kamar yadda id Software ya yi da Doom a 1997 da Quake a 1999. Sakamakon shi ne manhaja 'yar asalin Linux wadda abin da kawai take nema a wurinka shi ne fayilolin hotuna da sauti na tsohon wasan. Doom yana da Chocolate Doom da GZDoom, abin da suke buƙata fayil guda ne mai ƙarewa da .WAD. Diablo yana da DevilutionX, wanda ke neman DIABDAT.MPQ daga faifanka. Morrowind na da OpenMW, RollerCoaster Tycoon 2 na da OpenRCT2, Heroes of Might and Magic III na da VCMI, Prince of Persia na da SDLPoP. Wasannin labari da bincike irin su Broken Sword kuwa ScummVM, wadda aka fara a 2001, ke ɗauke da su.

Wasu ma ba sa neman ko sisinka. OpenTTD, magajin Transport Tycoon Deluxe, yana zuwa da hotunansa na kyauta, OpenRA kuma yana sauko da kayan Red Alert da kansa, tunda EA ta mai da wasan kyauta a 2008. In wasanka na cikin wannan rukuni, nemi sunan a cikin Software Manager ka girka, ka huta da duk abin da ke tafe. Abu ɗaya za ka kiyaye: a Linux, ƙaramin baƙi da babba ba ɗaya ba ne, don haka Data da data folda biyu ne daban. In manhaja ta ce ba ta ga fayil ba alhali kana ganinsa, fara duba nan.

Wasannin DOS

DOSBox, wadda ta fito a 2002, tsohuwar kwamfuta ce sukutum da ake kwaikwayo a cikin taga, da katin sautinta da komai.

`sudo apt install dosbox`

Ƙirƙiri folda mai suna dos a cikin gidanka, ka zuba wasan a wata folda a cikinta, da suna gajere wanda bai wuce baƙaƙe takwas ba, misali prince. Buɗe DOSBox ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

`mount c ~/dos`

`c:`

`cd prince`

`prince`

Layin farko yana gaya mata ta ɗauki foldar nan a matsayin C. In wasan na neman faifai, ƙara `imgmount d ~/wasa.iso -t iso` kafin ka fara. In ya tambaye ka katin sauti, zaɓi Sound Blaster 16, adireshi 220, IRQ 7, DMA 1, su ne lambobin da DOSBox ke zuwa da su. Da dama daga wasannin wancan lokaci sun ɗaura gudunsu da ƙarfin kwamfuta, don haka za ka iya ganin wasa na gudu kamar an koro shi, ko yana jan ƙafa. Ctrl da F11 na rage gudu, Ctrl da F12 na ƙarawa. Alt da Enter na cika allo, Ctrl da F10 na sako linzami in ya maƙale a cikin tagar. Da zarar ka samu daidai, buɗe fayil ɗin saiti da ke cikin ɓoyayyiyar folda .dosbox, ka sauka can ƙasa wurin da aka rubuta autoexec, ka liƙa layukan nan a wurin don kada ka riƙa rubuta su kullum.

Wasannin Windows: nan aikin yake

Wine ba kwaikwayon kwamfuta take yi ba. Tafinta ce. Wasan na magana da harshen Windows, ita kuma tana juya maganar zuwa abin da Linux ke ji, nan take. An fara ta a 1993, Alexandre Julliard ke jagorantarta tun 1994, kuma sai a 2008 ta kai siga ta 1.0. Shekarun da ta yi tana bin Windows 95 da 98 da XP a baya su ne suka sa ta ƙware a kan wasannin wancan zamani, har akwai waɗanda suka fi zama lafiya a cikinta fiye da a sabuwar Windows.

Tsofaffin wasannin Windows galibi masu bit 32 ne, don haka sai ka buɗe wa kwamfutar wannan ɓangare:

`sudo dpkg --add-architecture i386`

`sudo apt update`

`sudo apt install wine wine32:i386 winetricks libgl1:i386 libgl1-mesa-dri:i386`

Biyun ƙarshe su ne direbobin hoto masu bit 32. In babu su, wasan zai girku lafiya lau amma ya ƙi nuna komai.

Yanzu ga ƙa'idar da nake roƙonka kada ka karya: kowane wasa da ɗakinsa. Wine na ƙirƙirar wata folda mai kama da ƙaramar Windows, da C ɗinta da rajistarta. In ka tara wasanni goma a ɗaki ɗaya, gyaran da ka yi wa na uku zai ɓata na farko, kuma ba za ka taɓa gane abin da ya jawo ba. Ga yadda ake gina ɗaki:

`mkdir -p ~/wasanni`

`export WINEPREFIX=~/wasanni/vicecity`

`WINEARCH=win32 winecfg`

Duk lokacin da ka buɗe sabon Terminal sai ka sake rubuta layi na biyu, in ba haka ba Wine za ta koma ɗakinta na gama-gari. In ta nemi ta sauko da Mono ko Gecko, danna Cancel, tsofaffin wasanni ba su cika buƙatarsu ba, kuma data ce za ta tafi a banza. In kuma ta ƙi karɓar win32, sabon gini ne da ke haɗa bit 32 da 64 a ɗaki guda, sai ka cire wannan kalma ka rubuta winecfg kawai.

Taga za ta buɗe. A shafin farko, zaɓi Windows XP ga wasannin 2001 zuwa sama, Windows 98 ga na ƙasa da haka. A shafin Graphics, kunna Emulate a virtual desktop ka sa 1024 da 768. Wannan na tsare wasan a cikin taga, ba zai taɓa girman allonka ba, kuma in ya faɗi ba zai bar ka da allo mai manyan baƙaƙe kamar na makarantar allo ba. Bayan ka tabbata yana aiki, kana iya kashewa ka gwada cikakken allo. A shafin Drives, ƙara D, ka nuna masa inda faifan yake, ka sa nau'insa CD-ROM. In fayil ɗin iso ne, danna shi da maɓallin dama ka buɗe da Disk Image Mounter, zai bayyana a ƙarƙashin /media kamar faifai na gaske.

Sai girkawa. Shiga foldar faifan ka rubuta `wine setup.exe`, ka bi matakan kamar yadda ka saba. In ya ce zai sa maka DirectX, wato manhajar Windows mai kula da hoto da sautin wasanni, ka ƙi. Wine na da nata, kuma na faifan na iya hargitsa ɗakin. Abin da ya rage winetricks ke cikewa. Ga wasannin DirectX 9 irin su Most Wanted, `winetricks d3dx9` ne maganin saƙon nan da ke cewa an rasa fayil mai farawa da d3dx9. In rubutun cikin wasa ya fito a karkace, `winetricks corefonts`. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa sawa kana gwadawa, kada ka zuba su gaba ɗaya don ka ga wani ya jera su.

Don buga wasan, ka shiga ainihin foldarsa tukuna, domin da yawa ba sa ganin kayansu in an kira su daga nesa:

`cd ~/wasanni/vicecity/drive_c/Program\ Files/`

Daga nan ka bi har inda fayil mai ƙarewa da .exe yake, ka rubuta wine da sunansa. Daga Terminal za ka yi wannan a karon farko, saboda in ya ƙi tashi, a nan zai faɗi abin da ke damunsa. Layukan da suka fara da fixme ka ƙyale su, masu err su ne abin karantawa.

Maganar na'urar hoto, wadda ta fi shafar mu

Dawo da takardar nan da ka rubuta. A kwamfutar ƙanena na fara gwada wasan ta cikin ɗaya daga manhajojin da ke tattara wasanni wuri guda. Kiɗan farko ya taso, muna jin ƙarar zaɓe in ya danna maɓalli, amma allon baƙi ƙirin. Ya yi ta karkata murfin kwamfutar yana leƙawa ko hasken ne ya ragu. Dalilin bai wuce wannan ba: na'urar hotonsa Intel HD 3000 ce ta 2011, wadda ba ta san Vulkan, sabon harshen da manhajoji ke magana da na'urar hoto da shi, ba kwata-kwata.

Hanyoyi biyu ne ake juya hoton wasannin Windows a Linux. Tsohuwar hanya, wadda ke cikin Wine tun asali, ta kan OpenGL take bi. Sabuwar, DXVK, ta kan Vulkan take bi, kuma ta fi sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa manhajojin da ke tafiyar da wasanni ta kan Wine, irin su Lutris da Bottles da Proton, suke kunna ta tun daga farko. Amma sababbin sigoginta na neman Vulkan 1.3. HD 3000 ba ta da shi ko kaɗan, HD 4000 da HD 4400 kuma rabi-rabi suke da shi. Waɗannan kuwa su ne ke cikin ɗimbin kwamfutocin gwanjo da ke hannun ɗalibai da ma'aikata. Mafi yawan bayanan da za ka ci karo da su an rubuta su ne da tunanin mai sabuwar kwamfuta, don haka ka gwada taka da kanka:

`sudo apt install vulkan-tools`

`vulkaninfo --summary`

In na'urarka ba ta fito ba, ko sunan llvmpipe kawai ka gani, ko lambar ba ta kai 1.3 ba, ka tsaya a tsohuwar hanya. Wine ɗin da muka girka a sama dama ita take bi, shi ya sa nake fifita ta ga masu tsofaffin kwamfutoci. A Lutris, ka shiga saitin wasan ka kashe DXVK. A Steam, kantin wasanni na intanet na kamfanin Valve, ka rubuta `PROTON_USE_WINED3D=1 %command%` a wurin Launch Options. Wasan 2003 bai fi ƙarfin OpenGL ba. Muna yin haka Vice City ya bayyana, da gabar tekunsa da komai.

In har yanzu yana gardama

Wasan da ke daskarewa ko gudunsa ke hawa da sauka, sau da yawa bai saba da kwamfuta mai ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya ba ne. Tilasta shi ya zauna a guda: `taskset -c 0 wine sunanwasa.exe`. A Vice City da San Andreas, bar Frame Limiter a kunne, domin an ɗaura motsin motoci da na mutane da adadin hotunan da ke wucewa, in suka yi yawa abubuwa sai su rikice. Wasannin shekarun 1990 masu shimfiɗaɗɗen hoto da ke fitowa da launuka a dagule, cnc-ddraw na gyara da yawa daga cikinsu: ka zuba fayilolinta a foldar wasan, ka tashe shi da `WINEDLLOVERRIDES="ddraw=n,b"` a gaban wine. In wasa ya maƙale ya ƙi rufuwa, `wineserver -k`. In ya bar allo a ƙanƙance, `xrandr -s 0`. Hannun gem mai USB galibi yana aiki da kansa, in kuma wasan allon madannai kaɗai ya sani, AntiMicroX na ɗora maɓallan a kan hannun.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne makullin faifai. Wasanni da yawa na ƙarshen shekarun 1990 zuwa shekarun 2000 suna ɗauke da SafeDisc ko SecuROM, masu binciken wasu alamomi a jikin faifan asali waɗanda fayil ɗin iso ba ya ɗaukowa. Mutum ya sayi abinsa da kuɗinsa, amma wasan na cewa ya sa faifai. Ita kanta Windows 10 ta daina karɓar SafeDisc tun fitowarta a 2015. Gwada da faifan asali a cikin kwamfutar, Wine na wucewa da wasu. Duba ko kamfanin ya fitar da gyara na ƙarshe da ya cire binciken. In duk bai yiwu ba, kantin intanet na GOG na sayar da tsofaffin wasanni ba tare da makulli ba, kuma manhajar innoextract na fasa fayil ɗin girkawarsu ta fito da kayan ciki, abin da ke da amfani ƙwarai in sabon inji za ka ciyar da su. Kafin ka ɓata dare a kan wasa guda, nemi sunansa a shafin intanet na AppDB na Wine ko na ProtonDB. Waɗanda suka riga ka sun rubuta abin da ya yi musu aiki.

Wanda ke da Steam da isasshiyar data, Proton da Valve ta fitar a 2018 na yin kusan duk wannan aiki da kanta. Sai dai saukarta ta farko na da nauyi, kuma kada ka ajiye wasannin a ɓangaren ma'ajiyar kwamfuta mai tsarin NTFS na Windows, rigima ce kawai.

Tsaro da ajiya

Tafinta ba ya zaɓen wanda zai yi wa fassara. Ƙwayar cutar Windows na iya aiki a cikin Wine, kuma ta harafin Z tana ganin fayilolinka duka. Wasan da aka tura maka a filasha, ya ratsa hannu goma kafin ya iso gare ka, ba ka san abin da aka cusa masa ba. Kada ka taɓa haɗa sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfutar, da wine, ko da wasa. In dole sai ka gwada abin da ba ka yarda da shi ba, buɗe wani sabon asusun mai amfani a kwamfutar, wanda babu hotunanka da takardunka a ciki, ka gwada can.

Ranar da wasa ya zauna daidai, ɗaure ɗakin gaba ɗaya:

`tar czf vicecity.tar.gz -C ~/wasanni vicecity`

Wannan fayil na ɗauke da wasan da saitinsa da duk gyaran da ka yi. Ka lura, wasu wasannin a foldar Documents ta gidanka suke ajiye ci gaban da ka samu, Vice City ma haka yake yi, a wata folda mai suna GTA Vice City User Files, don haka ita ma sai ka kwafe ta daban. Ƙara ƙaramin fayil na rubutu da ke faɗin sigar Wine da ka yi amfani da ita, wadda `wine --version` zai nuna maka, da abubuwan da ka sa ta winetricks. Na ƙanena suna cikin filasha guda tare da hotunan faya-fayansa biyar, huɗu sun kwafu tsaf, na biyar ddrescue ta kwana tana fama da shi ta ceto duka ban da bidiyon buɗewa.